Yadda Ake Magance Zafin Firintar UV Mai Tebur da Kula da Cilarta

Idan firintar UV ta fara tsayawa a tsakiyar aiki, ko tawada ta fito da danƙo ba ta bushe ba, yawancin sababbin masu aiki sai su ruga su rage lambar da ke fuskar cila, wato na'urar da ke sanyaya ruwan da ke zagaya fitilar UV mai busar da tawada. Daga digiri 25 su mayar da ita 15, suna ganin sun yi maganin abin. Wannan kuskure ne da ke ƙona fitila. Lambar da cila ke nunawa zafin ruwan da ke cikin tankinta ne kawai. Ba ta gaya maka ko ruwan yana kaiwa ga fitilar ba. Za ka iya ganin 24 a fuskarta alhali fitilar na dahuwa.

Fara da gane abin da ke zafi. Hed, wato ɓangaren da ke fesa tawada, irin Ricoh Gen5 yana da hita a jikinsa da ke ɗumama tawada zuwa wajen digiri 40 ko 45 don ta yi laushin fita, saboda haka ɗuminsa ba matsala ba ne. Injin da ke zuƙe iska a ƙarƙashin tebur ma yana ɗaukar zafi a al'adarsa. Abin damuwa shi ne fitilar LED, domin zafi yana rage ƙarfin haskenta, kuma idan ya daɗe yakan kashe ƙwayoyinta ɗaya bayan ɗaya. Alamunsa su ne tawada mai gogewa da farce, wari mai ƙarfi daga abin da aka buga, da allon akirilik ko na PVC da ke lanƙwashewa har hed ya goge shi.

Abu na farko da za ka duba shi ne gudun ruwa. Kashe fitila, ka bar cila a kunne. Kama tiyon da ke kai ruwa da wanda ke dawo da shi. Bayan aiki na ɗan lokaci, mai dawowa ya kamata ya fi ɗumi kaɗan. Idan ya yi zafi sosai, ruwan yana tafiya a hankali. Idan duka biyun suna da sanyi amma jikin fitilar ba ya taɓuwa don zafi, to ruwan ya tsaya cak. Cire tiyon dawowa daga bayan cila ka sa bakinsa a bokiti. Ruwa ya fito a jere da ƙarfi. In yana tofi, yana yankewa, ko yana ɗiga, ka sami inda matsalar take.

Abubuwa uku ne ke tsayar da shi. Na ɗaya, tiyo ya lanƙwashe a cikin sarƙar roba da ke ɗauke da wayoyi da tiyoyi tana bin kan firinta, wato ɓangaren da ke kai-komo ɗauke da hed da fitila. Wannan yana da wuyar kamawa, domin lanƙwasar tana matsewa ne kawai idan kan ya kai ƙarshen gefe ɗaya, ya dawo kuma ta saki. Shi ya sa ƙararrawar cila ke kuka ta yi shiru. Kashe firinta, ka tura kan da hannu daga wannan ƙarshe zuwa wancan a hankali, idonka na kan ruwan bokitin. Inda ya ragu, buɗe murafan sarƙar a wurin. Tiyon da ya riga ya karye kada ka miƙe shi ka mayar, zai koma yadda yake cikin mako guda. Sayi sabo mai faɗin baki ɗaya da tsohon, kuɗinsa bai taka kara ya karya ba.

Na biyu, iska ta maƙale. Wannan yana faruwa kusan duk lokacin da aka canza ruwa, kuma a nan ne mutane suka fi faɗuwa. Su cika tanki, su kunna, su ji famfo na ƙara, su ɗauka ruwa na zagayawa, nan take su kunna fitila. Famfon cila ba ya iya tura iska, juyawa kawai yake yi a banza. Bayan ka zuba ruwa, bar murfin tanki a buɗe, kunna cila na daƙiƙa goma, kashe, sake kunnawa, har sau huɗu ko biyar. Za ka ga kumfa na tasowa, ruwan tanki kuma yana raguwa saboda ya shiga tiyo. Ƙara ruwa har ya tsaya a tsakiyar koren layin ma'auni. Ɗan ƙwanƙwasa tiyon da yatsa a wuraren da ya yi sama, nan iska ke taruwa. Bar shi ya zagaya na minti goma ba tare da fitila ba. Sai ka daina ganin kumfa ko ɗaya a tiyo sannan ka fara bugu.

Na uku, datti ya toshe siraran hanyoyin ruwa da ke cikin fitilar. Ruwan burtsatse da na famfo, har da fiya wata, suna ɗauke da gishirin ƙasa da ke daskarewa ya zama farin ɓawo irin na cikin butar shayi. Tataccen ruwa, wanda ake kira distilled water, kaɗai ake sawa. Masu sayar da batir suna da shi, amma ka tabbatar ba wanda aka gauraya da asid ba ne, domin wannan zai cinye famfo da fitila. Ƙananan ciloli suna cin lita 6 zuwa 9, a canza duk wata uku. Idan tiyo mai haske ne kuma ka ga kore a ciki, gansakuka ce. Canza tiyon, ka sa baƙi ko shuɗi wanda haske ba ya ratsawa.

Idan ruwa na gudu lafiya amma zafinsa na hawa, to cilar ce ta kasa fitar da zafi. A cilolin kamfanin S&A irin CW-5200, alamar E1 a fuskar cila na nufin ɗakin ya yi zafi da yawa, E2 kuma ruwan ne ya wuce iyaka. Cire ragar gefe ka wanke, ka bar ta ta bushe, ka hure ƙurar da ke kan ƙarafunan ciki da bulowa. Lokacin hunturu, da ƙura ke shiga ko'ina, a yi wannan duk mako. Janye cilar daga bango aƙalla rabin mita, kada a cusa ta ƙarƙashin tebur tana shaƙar iskar da ta fitar. Ka kuma san irin cilar da ka saya. CW-3000 ba ta da kwamfireso, wato injin sanyi irin na firji, fanka ce kawai ke hura ruwan, don haka ba za ta taɓa sanyaya shi ƙasa da zafin ɗaki ba. A shagon da ke kaiwa digiri 40 a watan Afrilu, kamar a Kano ko Maraɗi, irin wannan ba ta da amfani sai da iyakwandishan. Ɗakin firinta ya tsaya tsakanin 20 da 28.

Game da saitin lamba, bar ta a wajen 25. Ruwan da ya fi ɗaki sanyi da yawa yana sa tiyo da jikin fitila su yi gumi, musamman da damina, gumin ya ɗiga a kan allon lantarki ya ƙone shi. Tazarar kada ta wuce digiri 5.

Duba gilashin ƙasan fitila ma. Feshin tawada yana bushewa a kansa ya tare haske, mai aiki ya ga bugu bai bushe ba ya ƙure ƙarfin fitila, zafi ya ƙaru. Bari ta huce, ka goge da tsumma mara gashi da sifirit. Kada ka kalli fitilar tana ci ba tabarau na kariya.

Sauran ba su da wuya. Fankokin akwatin lantarki su riƙa juyawa, wadda ta tsaya a canza ta. Sa sitabilaiza, domin ƙarancin wuta daga janareto yana hana kwamfireso tashi. In ka kashe cila, jira minti uku zuwa biyar kafin ka sake kunnawa. Idan fanka na juyawa, kwamfireso na ƙara, raga na da tsabta, amma ruwa ya ƙi sanyi, mai yiwuwa gas ya zube. Kira mai gyaran firji, ka nuna masa irin gas ɗin da aka rubuta a takardar da ke manne a jikin cilar.