Yadda Ake Gina Hoton Abu a Kai Kafin a Haddace Shi

Ɗalibi zai zubo maka darasi tsaf kamar karatun allo, amma ka ɗan juya tambayar, sai ya yi tsuru-tsuru. Ba shi da hoton yadda abin ke aiki a kansa. Tun 1943 wani masani ɗan Sikotilan, Kenneth Craik, ya yi bayanin cewa ƙwaƙwalwa kan ƙera ƙaramin samfurin duniya, ta gwada abu a kansa kafin ya faru. Ga yadda nake sa ƴan lakwal a nan Damagaram su gina nasu.

Fara da abin da ke gabanka. Ga randar Miriya a tsakar gida: me ya sa ruwanta ke sanyi, na jarka kuwa sai ka ce za a haɗa shayi?

Faɗi zatonka, ko da kuskure ne. Yara kan ce, "Malam, ai ƙasa ce mai sanyi." Madalla, a rubuta.

Sai ka matsa kusa. Shafa cikin randar daga waje, za ka ji danshi a tafinka. Zana shi: ƙananan ƙofofi a jikin yumɓu, ruwa na tsattsafowa, iska na kwashe shi, wanda ya tashi kuma yana tafiya da zafi. Zufa ke nan, irin taka. A lissafi, ruwa giram 10 kacal in ya tashi, ya isa ya rage wa lita guda zafi kusan digiri 6, in ba wani zafin ya shigo ba.

Yanzu sa hoton aiki, nan ne akasari ake ha'inci. Kafin ka gwada komai, yi hasashe. In an naɗe randar da leda fa? Mai cewa ƙasa ce zai ce sanyi na nan. Mai hoton zufa zai ce ya tafi. Naɗe ta da safe, ka sha ruwan da la'asar. Haka a watan Agusta, da iska ta ƙoshi da danshi, randa ba ta yin abin da take yi a bazara.

Nemi inda kwatancen ya gaza. Jikinka na ƙara zufa in ya ji zafi, randa ba ta san wannan ba.

Daga nan kai hoton wani wuri. Mohammed Bah Abba, malami a Jigawa, ya sa tukunya cikin tukunya, ya zuba jiƙaƙƙen yashi a tsakani don kayan miya su daɗe. Wannan dabara ta sa ya samu lambar yabo ta kamfanin agogo na Rolex a 2000. Ba wa ɗalibinka tukwane biyu da tumatir, kada ka faɗa masa inda yashin zai shiga.