Yadda ake kula da robar fitsari a gida don kada ƙwayoyin cuta su yi mata kafi

Duk wadda ta taɓa barin randa kwanaki ba wanki ta san santsin nan da ke manne a cikinta. Irinsa ke fitowa a jikin robar fitsari, likitoci na ce masa bayofim. Ƙwayoyin bakteriya ne, wani lokaci har da fangas (ƙwayoyi dangin fumfuna) irin su Candida, suke mannewa a roba su lulluɓe kansu da yauƙi, har magani ya kasa ratsa su. A cikin ƴan kwanaki yake farawa, kuma wanda ya kai kwana 30 da roba, da wuya a rasa ƙwayoyin cuta a fitsarinsa. Na san wannan ne lokacin da aka sallamo mahaifina da roba saboda kumburin furostet (wani ƙullutu da ke ƙasan mafitsarar namiji), muka dawo da shi gida nan Maradi.

Aikin farko na hannu ne. Ka wanke da sabulu kafin ka taɓa robar ko jakar da fitsarin ke taruwa a ciki, ka sake wankewa bayan ka gama, ko da ka sa safar hannu.

Sai wankin wurin da robar ta shiga jiki, kullum, da kuma duk bayan an zaga. Ruwa mai tsafta da sabulu sun wadatar. Ka fara daga jiki ka goga zuwa waje, kada ka dawo da tsumman baya. Ban da hoda, man shafawa ko garin magani na gargajiya, don a kansu datti ke taruwa, balle lokacin hunturu da ƙura ke shiga ko'ina.

Inda muka yi kuskure kuwa shi ne jaka. Baba a tabarma yake kwana, sai muka riƙa ajiye ta a gefensa, wani lokaci ma a kan cinyarsa. Fitsarin da ya fita yana komawa mafitsara ke nan, ɗauke da abin da ya kwaso. Jaka a ƙasa da mafitsara take zama, amma ba ta taɓa ƙasa. Muka mai da shi kan gado, muka rataye ta a jikin gadon. Ka ɗaure tiyon a cinya don kada ya riƙa jan jiki, ka duba kada ya lanƙwashe. Jakar ta kai kashi 2 cikin 3, ka zubar ta bakinta na ƙasa, kada bakin ya taɓa bokiti. Kada kuma ka raba roba da jaka don kurkurewa, ƙofa ce kake buɗe wa cuta.

Ruwan sha yana da muhimmanci ƙwarai, musamman a Afrilu da Mayu da zafi ke wuce digiri 40. Akwai wata ƙwaya, Proteus mirabilis, mai sa fitsari ya yi tsakuwa ƙanana har roba ta toshe, kuma fitsari mai kauri na taimaka mata. A ba majinyacin ruwa a kai a kai, sai dai in likita ya ƙayyade masa saboda zuciya ko ƙoda.

Don Allah kada ka sayi kafso wurin masu talla saboda ka ga fitsari ya yi duhu ko wari. Ba ya cire yauƙin, sai dai ya ƙara wa ƙwayoyin taurin kai. Canjin roba ne ke raba mutum da shi. Ka rubuta ranar da aka sa ta, ka koma asibiti ranar da aka ce. Ta silikon takan kai mako 12, ta latas (nau'in robar da ake ce wa latex) ba ta kai haka. Duk zuwa, ka tambayi likita ko lokacin cire ta gaba ɗaya ya yi.

In ka ga zazzaɓi da makyarkyata, ciwon kwiɓi, jini, ko tsoho ya fara ruɗewa, ko fitsari ya tsaya mara ta kumbura, ku tafi asibiti a lokacin, ko da tsakar dare ne.