Yadda Za Ka Gane Bishiyar da Fari Ya Kama, da Abin da Za Ka Yi Mata

Ɗorawar gonarmu, gabas da Daura, ba a shekarar da ruwa ya ɗauke ta mutu ba. Sai da ta ƙara damina biyu muna shan inuwarta, sannan wata bazara ta bushe ƙarau. Baba, Allah ya jiƙansa, ya ce haka ya gani bayan farin 1973 da na 1984: gero ya ƙone nan take, itatuwa kuma suka bi baya sannu a hankali. Shi ya sa duk shekara, da zafi ya kunno kai a watan Maris, nake zagaya bishiyoyina ɗaya bayan ɗaya.

Ka fara sanin abin da ke kashe ta. Ruwa yana hawa daga saiwa zuwa ganye ta wasu siraran jijiyoyi a cikin itacen, ganyen ne ke jansa. Idan ƙasa ta bushe, rana kuma ta ƙwalle, jan yakan yi yawa har iska ta shiga jijiyar ta toshe ta. Don kare kanta, sai bishiya ta rufe ƙananan ƙofofin da ke jikin ganyenta, alhali ta nan take shaƙar iskar da take haɗa abinci da ita. Ga ƙishirwa, ga yunwa. Gara da ƙwarin da ke huda itace su ke ƙarasa aikin. Canjin yanayi ya ƙara wa lamarin nauyi, domin zafi ya ƙaru, ko ruwan bana ya kai na bara, ƙasa ta fi saurin bushewa. Wani lokacin ma ya zuba kamar da bakin ƙwarya a yini ɗaya, ya gangare, ƙasa ba ta sha ba.

In ka je dubawa, ɗaga kai tukuna. Fari daga ƙoli yake fara ci, don can ne ruwa ya fi wahalar isa. Ka ga rassan sama sun zama ƙirare, sabon ganye ya fito ƙanana, to akwai magana. Sai ka kankare ɓawon ƙaramin reshe da farce: in ka ga kore da danshi, da sauran rai, in ruwan ƙasa ne busasshe, sauko ƙasa ka sake gwada wani.

Amma kada zubar ganye ta ruɗe ka. Kuka tana kaɗe ganyenta da rani lafiyarta ƙalau, gawo kuwa da damina yake tuɓewa. Na taɓa hana wani ƙanena sare gawo a watan Agusta, wai ya mutu!

Wadda ka tarar da sauran rai, ka sauke mata wahala. A daina sassaƙe ɓawonta don magani, a daina sare wa awaki rassanta a wannan shekarar, kada kuma a zuba mata takin zamani. Ba ta ruwa mai yawa sau ɗaya a mako da yamma, ya fi yayyafi kullum, kuma ba a jikin gindi ba, a inda inuwarta ta ƙare, nan saiwoyin shan ruwa suke. Ka rufe wurin da karan dawa ko busasshen ganye, ka bar tazarar taki ɗaya daga gindin saboda gara. Ƙananan dashe kuwa, tulu nake binne musu har wuya, in cika shi, in rufe bakinsa. Yana tsatsafowa a hankali.

Kafin ruwan farko, haƙa rami mai siffar rabin wata kusa da bishiyar, bakinsa ya fuskanci inda ruwa ke gangarowa, don ya tare mata shi.

A gurbin ɗorawar nan ban sayo komai ba. Na bi dabarar manoman Maraɗi, wadda suke kira sassaben zamani: kututturen kalgo da na aduwa da ke tohowa, na bar wa kowanne rassa uku mafiya ƙarfi, na datse sauran. Saiwarsu ta daɗe da nutsewa ƙasa, ko cokali ɗaya na ruwa ban taɓa ba su ba. Aduwar yanzu ta fi ni tsawo.