Kurakuran magina da ke ƙara kashe ƙasar da ta gaji

Idan za a yi gini a fako ko bakin kwazazzabo, tun kafin a haƙa harsashi ake yanke inda ruwan rufi zai sauka. Yawancin magina sai an kafa indararo suke tunawa. Milimita 1 na ruwan sama a murabba'in mita 1 lita guda ce. Ke nan rufi mai murabba'in mita 100, a garin da ke samun milimita 800, yana zubo lita 80,000 a damina. A sake shi ta bututu ɗaya kan gangare, shi zai fara yanka ƙasa. Gyaransa tanki ne, rarar kuma ta bi zuwa ramin da aka cika da duwatsu, aƙalla mita 5 daga bango don kada danshi ya ci tushe. Daɓe tsakar gida kaf da siminti ma turo wa maƙwabci ruwa ne kawai. A bar wani sashe da tsakuwa.

Sai ƙasar sama. Santimita 15 zuwa 20 na farko nan taki da irin ciyawa suke, amma da ita ake ciko, daga baya a yi mamakin dashe ya ƙi kamawa. A kwashe ta gefe, tsibin kada ya wuce mita 2, a mayar bayan aiki.

Kwazazzabo ne aka fi ɓata wa kuɗi. Ana jibga masa shara ko a tare shi da doguwar katangar bulo. Ruwan farko zai zagaye ta gefe ya ƙara masa faɗi. Daga sama ake farawa, inda ruwan ke taruwa: ramukan rabin wata masu faɗin mita 4, bakinsu na kallon tudu, irin waɗanda suka farfaɗo da fako a jihar Tawa ta Nijar. A cikin kwarin kuma ƙananan shingayen dutse, tsayinsu kamar rabin mita, tsakiya ta fi gefe ƙasa, gefen ya nutse cikin gaɓa. A bi bayansu da layin ciyawar jema, tazarar santimita 10 zuwa 15 tsakanin tushe da tushe.

Kututturen gawo ko kalgo da ke tohowa kada a tumɓuke shi don a dasa bishiyar turare, mai shanye danshi. Saiwar kututturen ta riga ta yi nisa. A zaɓi reshe biyu ko uku masu ƙarfi, a datse sauran, a kewaye su da ƙaya saboda awaki.