Yadda Ake Gane Tsohon Kuɗin Azurfa da Darajarsa

Wanda yake son tara tsofaffin kuɗin azurfa a Sakkwato zai fi samun su a hannun dattawa, da maƙeran fari, da matan Fulani waɗanda suka gaji masu huji da ake ƙawata kitso da su. Iri biyu ne suka fi yawa: kuɗin Afirka ta Yamma na zamanin Turawa, wato taro da sisi da sule da fataka, sai kuma liyari mai hoton Sarauniya Mariya Teresa ta Ostiriya.

Da farko a duba shekara. Daga 1913 zuwa 1919 an buga taro da sisi da sule da fataka da azurfa mai kashi 92.5 cikin ɗari, a 1920 aka rage ta zuwa kashi 50 cikin ɗari, kuma a shekarar aka koma tagulla. Kwabo mai huji da anini ba su taɓa zama azurfa ba, haka ma sulen Nijeriya na 1959, duk da farinsa.

Liyari shi ne ya fi ruɗin masu farawa, domin shekarar 1780 da ke jikinsa ba shaidar tsufa ba ce. Shekarar rasuwar sarauniyar ce, kuma an ci gaba da buga shi da wannan lamba a ƙasashe da dama, don haka kada a biya kuɗin tsufan da ba a tabbatar ba.

Bayan shekara sai sikeli, wanda a ganina ya fi ido gaskiya. Sule giram 5.65 ne, fataka 11.31, liyari kuwa kimanin 28, kuma wanda ya sha hannu yakan ragu kaɗan, amma gibi mai yawa alamar jabu ce. A kara masa maganaɗisu, domin azurfa ba ta kama shi, ko da yake dalma da tagulla ma ba su kamawa, saboda haka wannan gwaji bai isa shi kaɗai ba. Idan aka ɗora shi a kan yatsa aka ƙwanƙwasa a hankali, azurfa takan yi amo mai tsawo, jabu kuwa nan take yake mutuwa.

Wajen sanya daraja, a dubi wuraren da suka fi tudu, kamar kambin Sarki Joji na Biyar da ganyen bishiyar da ke bayan sule. Idan zanen ya fito sarai, darajarsa ta ɗaukaka. Huji ko tabon walda kuwa yakan mayar da shi kusan farashin nauyinsa.

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne goge kuɗi da toka ko lemun tsami, domin duhun nan da ake ƙyama masu saye suna son sa, kuma karcen da guga ta bari ba ya gyaruwa. A riƙe shi ta gefe, a sa kowane ɗaya a takardarsa tare da rubuta shekara da nauyi, a ajiye inda danshin damina ba ya kaiwa.