Yadda za ka saka Ubuntu kusa da Windows a kwamfuta ɗaya

Tun da Microsoft ta daina kula da Windows 10 a Oktoban 2025 ake ta tambayata wai ko a goge ta gaba ɗaya a koma Linux, ni dai shawarata kullum kar ka goge komai tukuna, ka raba musu ɗaki kawai, duk sanda ka kunna sai ka zaɓi wacce za ka shiga.

Kafin komai kwashe kayanka, hotuna da takardu da duk abin da in ya ɓata zai dame ka, ka zuba a wani disk na waje. Ina nanata wannan ne don na ga ƙanina zaune ya dafe kai gaban laptop, furojet ɗinsa na shekarar ƙarshe ya tafi saboda dannawa ɗaya. Ka cika caji kuma, kar a ɗauke wuta ana tsakiyar aiki.

Sai ka sauko da Ubuntu 24.04, wato wani nau'in Linux, daga shafinsu, ya kai wajen giga 6 don haka ka tanadi data, ka nemo filash mai giga 8 ko sama. Buɗe Rufus, manhajar da za ka sauko da ita don ta zuba Ubuntu a kan filash, zaɓi fayil ɗin, a wurin Partition scheme ka sa GPT in kwamfutarka mai sabon tsarin tashi ce da ake kira UEFI, yawancin na yanzu haka suke. Duk abin da ke kan filash ɗin zai goge fa.

Yanzu a yi wa baƙuwa wuri. Shiga Disk Management a Windows, danna dama a kan C, zaɓi Shrink Volume don ka rage masa girma. Ubuntu na neman giga 25 amma wallahi kar ka tsaya nan, ba ta 60 ko fiye, ka bar wurin fanko kar ka yi masa format. Ka kashe Fast Startup a Power Options, in akwai BitLocker, makullin da Windows ke rufe disk da shi, ka kashe shi ka kuma adana lambar recovery ɗin, mutane da yawa nan suke maƙalewa.

Soka filash, sake kunnawa kana ta danna F9 in HP ce, F12 in Dell ce ko Lenovo, sai ka zaɓi filash ɗin a jerin da ya fito. Fara gwada ta a kan filash ɗin tukuna ka ga Wi-Fi da sauti suna yi.

To ga inda ake ɓarna. In ka zo shafin da ke tambayar yadda za a saka ta, zaɓi Install Ubuntu alongside Windows Boot Manager. Na kusa da shi, Erase disk, shi ne ya cinye aikin ƙanina, karanta sau biyu kafin ka danna.

In ta gama ka zare filash, za ka ga baƙin allo mai suna GRUB ya jero maka su. In kwamfutar ta wuce kai tsaye zuwa Windows, shiga BIOS, wato saitin da ake buɗewa lokacin kunna kwamfuta, ka ɗaga Ubuntu sama a jerin boot.

Abu ɗaya zai ba ka mamaki, agogon Windows zai riƙa komawa baya da awa ɗaya a Najeriya da Nijar, saboda Linux na ajiye lokacin UTC ne, wato agogon duniya da muka riga shi da awa ɗaya. Buɗe Terminal, wurin rubuta umarni a Ubuntu, ka rubuta timedatectl set-local-rtc 1, sai ka gyara agogon Windows sau ɗaya, shi ke nan.