Kurakuran da kafintoci suka fi yi wajen zaɓen injin goge kayan katako

Mafi yawan ɓarnar da ake yi wa tsofaffin tebura da kujeru a shagunan kafintoci na Garwa da Marwa a arewacin Kamaru tana farawa ne tun daga kasuwa, lokacin da mai saye ya ɗauka cewa injin da ya fi ƙarfi shi ya fi dacewa da aikin. Injin mai bel yana cin katako da sauri ƙwarai, kuma an yi shi ne domin daidaita falanki mai kauri. Sau da yawa saman tsohon kabad filawud ne, ko kuma siririn ɓawon katako mai kyau da aka liƙa wanda kaurinsa bai kai milimita 1 ba, don haka da zarar hannu ya ɗan tsaya a wuri guda sai farin katakon ƙasa ya bayyana, kuma babu man ƙyallin da zai rufe wannan tabo. Mafi muni shi ne ɗaura samfefa a kan injin da masu walda ke yanka ƙarfe da shi, domin gudunsa yana ƙona katako, ya bar ramuka. A ganina, wanda zai sayi inji ɗaya tak ya nemi mai faifan milimita 125, wanda ke juyawa yana karkarwa a lokaci guda, saboda ba ya barin zane sosai. Lunguna da sassaƙa kuwa, a bar wa hannu.

Kuskure na biyu ya shafi wuta. Lantarkin Kamaru da Chadi na bolt 220 ne, alhali injinan gwanjo da suka fito daga Amurka an yi su ne don bolt 120, kuma suna iya ƙonewa a jonawar farko. A karanta rubutun da ke jikin injin kafin a biya kuɗi, sannan a tabbata ana samun irin samfefarsa a garin, mai ramukan da suka yi daidai da na faifan, domin ta nan yake zuƙe ƙura.

Akwai kuma masu ɗora wa inji laifin da na samfefa ne. Idan aka fara da samfefa mai kaushi, lamba 80, sai a bi da 120, sannan 180 mai laushi, domin tsallake mataki yana barin ƙananan zobba da ido ba ya gani sai an shafa mai. Katako mai laushi irin ayus ba ya buƙatar farawa da mai kaushi kamar yadda iroko ko maɗaci suke buƙata. Danna inji da ƙarfi ma ba ya ƙara sauri, sai dai ya rage juyin faifan. Nauyin injin da na hannu sun wadatar.

Idan fentin da ke jikin katakon yana da kauri, a fara kankare shi kafin a kunna inji, in ba haka ba zai yi laushi saboda zafi ya toshe samfefa. Tsohon fenti yana iya ƙunsar dalma, ƙurar iroko kuma tana tayar da asma, don haka a zaɓi inji mai jakar tara ƙura, a sa takunkumi, kuma kada a bar yaran shago su zauna kusa da inda ake gugar.